Lamba Ɗaya, Wayoyi Da Yawa: Amsa Ga Masu Sauraro Na Aliero Da Jega Da Maiyama

   

A wannan mako wasiƙu uku na ware, domin ko da yake daga garuruwa uku suka fito, tambayarsu guda ce. Ta farko daga sakataren wata ƙungiyar manoman albasa ce a Aliero. Ya ce masu sayen albasarsu daga Ikko da Anacha lambar shugabansu kaɗai suka sani. In shugaba ya shiga fadama, ko cajinsa ya ƙare, sai a yi ta bugu ba amsa, mai saye ya gaji ya koma wajen wani. Ya ce ya taɓa shiga wani ofis a Birnin Kebbi, ya ga wayoyi bisa tebura dabam-dabam alhali lambar ofishin guda ce. Shin su ma za su iya yin haka?

Ta biyu daga wani Alhaji ce mai shagon taki da maganin feshi a Jega. Yaran shagonsa uku ne, wani saurayi kuwa ya ce masa in ya biya zai kwafe masa sim ɗinsa ya sa a wayoyi uku. Ta uku kuma daga shugabar wasu mata masu gyaran shinkafa ce a Maiyama. Waya guda gare su, tana zagayawa hannu-hannu, kuma da layin nan aka buɗe musu asusun banki. Tana tambaya ko akwai laifi a haka.

To, amsa a taƙaice ita ce, i, ana iya raba lamba guda tsakanin mutane da yawa, kuma an daɗe ana yi. Sai dai layi iri biyu ne: akwai layin sallama, wanda abokan ciniki ke bugowa, akwai kuma layin kuɗi, wanda banki ya sani. Na farko a raba shi bisa tsari. Na biyu ba a raba shi sam. Ku biyo ni mu bi maganar daki-daki.

Bari mu fara da abin da Malam Sakatare ya gani. Ku ɗauki misalin babban gida mai zaure guda da ɗakuna goma. Baƙo bai san ɗakin kowa ba, zaure ya sani. Ya zo ya yi sallama, yaron da ke zaure ya amsa, ya tambaye shi wa yake nema, ya shiga ya kira masa shi. Haka wayar ofis take. Layin da ya shigo daga kamfanin waya shi ne zaure, lambarsa ce jama'ar waje suka sani. Wannan layi wani akwati yake shiga da ake maƙalawa a bango. Ma'aikatan waya na ce masa PABX, mu kuwa bari mu kira shi akwatin rarraba kira. Daga akwatin ne wayoyi ke fita zuwa kowane tebur, kowace da 'yar gajeruwar lambarta ta cikin gida, kamar 101, 102, 103. Waɗannan su ne rassa, watau abin da 'yan ofis ke ce wa ekistenshin. Wanda ke zaune yana amsa kira yana haɗa mutane kuwa, shi ne ofareta, yaron zaure ke nan.

Abu uku ya kamata a riƙe game da wannan akwati. Na ɗaya, in mai tebur na 101 ya kira mai tebur na 103, ba a biyan ko kwabo, domin maganar ba ta fita gida ba. Na biyu, in yana son kiran waje, galibi sai ya fara danna 9, akwatin ya ba shi layi, sa'an nan ya buga lambar. Na uku, wanda mutane ke mantawa, shi ne yawan rassa ba ya ƙara faɗin zaure. Akwai ƙananan akwatuna masu ɗaukar layin waje 3 da rassa 8. A irin wannan, mutum uku ne kawai za su iya magana da waje a lokaci guda, na huɗu sai ya jira. In kuwa layi guda aka sa, to da zarar wani ya hau, duk mai bugowa zai ji layi a cike.

Me ya sa aka ƙirƙiro wannan dabara? Saboda layi ya yi ƙaranci. Dattawanmu sun tuna. An kafa NITEL a 1985, aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, amma har zuwa 2001 layukan tarho da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a sama da miliyan 100. Lambar shiga Birnin Kebbi a lokacin 068 ce, ta Sakkwato 060, ta Kano 064, ta Ikko 01. Bafataken da ke son jin farashi a Kudu, ko dai ya je inda akwai tarho ya bi layi, ko ya jira direban da ya dawo ya ba shi labarin da ya kwana uku. Ofishin da ya yi sa'a ya samu layi biyu kuwa, dole ya raba su ga ma'aikata talatin. A watan Agustan 2001 ne kamfanonin Econet da MTN suka fara wayar tafi-da-gidanka, Glo ya biyo baya a 2003, sannu a hankali waya ta shiga aljihun kowa. NITEL kam ta zama tarihi, amma dabarar zaure da ɗakuna tana nan, har yanzu ita ake bi a bankuna da asibitoci da otal-otal.

Yanzu ga ainihin tambaya: yaya ake sa wayoyi biyu ko uku su amsa lamba guda? Hanya uku ce.

Hanya ta farko ita ce ta gargajiya, watau a jona wayoyi biyu a bisa igiya guda. Kira ya shigo, duka su yi ƙara, wanda ya riga ɗauka shi ke magana. Ba ta da tsada, amma tana da aibi babba: in kana magana wani ya ɗaga ɗaya wayar, duk abin da kuke faɗi yana ji. A ƙauyukan Amurka a da an daɗe ana irin wannan, gidajen manoma da dama a bisa layi guda, kowane gida da irin ƙararsa, wani doguwa biyu, wani gajeruwa uku. Abin da aka fi kuka da shi a tsarin shi ne maƙwabta masu kasa kunne. Ɗan kasuwar da ke daidaita farashi da mai saye ba zai so haka ba.

Hanya ta biyu, a gaya wa akwatin cewa in an kira lamba kaza, tebura kaza da kaza su yi ƙara tare. Da wani ya ɗauka sauran sai su yi shiru, kuma ba mai jin maganarsa. Wannan ta dace da inda kowa zai iya ba da amsa iri ɗaya, kamar a tambayi ko akwai taki a shago.

Hanya ta uku, a jera su bi da bi. Wayar shugaba ta fara ƙara, in bai ɗauka ba bayan ɗan lokaci kira ya wuce wajen sakatare, in shi ma shiru ya wuce wajen ma'aji. Ga maganar farashi wannan ta fi, domin an san wanda ke gaba da wanda ke bin sa.

Sai dai Malam Sakatare, akwatin da ka gani da igiya yake aiki, igiyar kuwa iyakarta cikin gini ko harabar ofis. Ba mai ja maka ita daga Aliero zuwa kasuwar Jega, balle Maiyama, balle cikin fadama. Akwai na zamani da ke bi ta intanet, wanda reshe guda zai iya zama a Aliero, guda a Jega, guda a Ikko, har ma da wani ƙaramin akwati da ake sa wa sim a haɗa shi da tsarin. Yana aiki ƙwarai, amma yana son wuta wadda ba ta yankewa, da data mai ƙarfi, da wanda ya iya saita shi ya kuma zo in ya lalace. Masu wannan sani ba su yi muku nisa ba, tun da an kafa jami'ar kimiyya da fasaha a nan Aliero a 2006. Duk da haka shawarata ita ce kada ƙungiyar manoma ta fara da wannan. Wayar da ke aljihunku tana iya yin rabin aikin ba tare da kun sayi komai ba.

Ga yadda ake yi. Kowane layi na tafi-da-gidanka yana da abin da ake kira tura kira. Ku sami biro da takarda, waɗanda ba su samu rubutawa ba kuma za su gani a jarida. A wayar shugaba, in ana son kira ya wuce wajen sakatare idan ba a ɗauka ba, sai a danna **61* sa'an nan lambar sakatare, a rufe da # a buga. In ana son ya wuce idan waya na kashe ko babu sabis, **62* ne da lamba da #. In shugaba na kan wata magana, **67* ne da lamba da #. Ranar da zai yi doguwar tafiya yana son kowane kira ya wuce kai tsaye, **21* ne da lamba da #. In ana son soke duka a koma yadda ake, sai a buga ##002#. Wanda lambobin suka rikita shi, akwai wannan tsari a cikin saitin kira na wayar, sai ya nemi wanda ya amince da shi ya duba masa. Bayan an saita, a gwada da wata waya a tabbatar kira na wucewa.

Abu biyu a nan. Na farko, kuɗin tura kiran daga layin shugaba ake cira, don haka in babu kati a ciki kira ba zai wuce ba. Sai ƙungiya ta riƙa sa masa kati daga asusunta. Na biyu, kira kawai ake turawa, saƙon tes yana nan a wayar farko.

Masu babbar waya kuma, akwai WhatsApp. Tun watan Afrilun 2023 aka ba da dama a buɗe lamba guda a wasu wayoyi har huɗu bayan uwar wayar. Mai saye ya aiko saƙon murya yana neman buhu ɗari, duka wayoyin za su gani, kuma kowa zai ga amsar da aka ba shi. Amfaninsa ke nan, babu maganar bayan fage. Sai a kula, in aka bar uwar wayar ta wuce kwana 14 ba a buɗe ta ba, sauran za su fita, sai an sake haɗawa.

In kuwa abin da ke cin kuɗinku shi ne kiran junanku, daga gona zuwa rumfa, daga rumfa zuwa tasha, to kamfanonin waya na da tsarin layin ƙungiya da suke kira CUG. Kowa na riƙe da lambarsa, ana biyan wani kuɗi a wata, 'yan ƙungiya su yi ta kiran juna. Wannan ya yi kama da maganar cikin gida da na faɗa ɗazu. Sharuɗɗa da farashi suna canzawa, saboda haka a je ofishin kamfanin a tambaya, kada a bi ta hannun ɗan tsakiya.

To Alhaji na Jega, ga taka amsar. Kada ka ba yaron nan sim ɗinka. Layi guda sim guda ne. Ko a ofishin kamfani, ranar da aka sabunta maka layi, watau abin da ake cewa walkam-bak, tsohon sim mutuwa yake yi nan take. Wanda ya ce zai kwafe maka, ko dai ya ci kuɗinka a banza, ko kuma sim ɗin yake so ya riƙe na minti goma. Minti goma kuwa sun ishi mugu ya gwada shiga asusunka, ko ya buɗe WhatsApp ɗinka a wayarsa ya shiga roƙon abokanka kuɗi da sunanka. Abin da ya dace da kai shi ne ka sayi layi na shago da ƙaramar waya, ta zauna bisa kanta ba ta kwana gidan kowa, ka rubuta lambar a allon shago, ka saita ta in ba a ɗauka ba kira ya zo wajenka.

Ga kuma gargaɗi ga kowa da kowa. Lambobin tura kira da na karanta, 'yan damfara ma sun san su. Wani zai bugo ya ce daga kamfani yake, ko ya ce sunanka ya fito a tallafin taki, ka danna kaza da kaza. In ka ga abin da ya ce ka danna ya fara da taurari biyu ya ƙare da lambar wayar da ba ka sani ba, to kiranka yake son juyawa zuwa wajensa. Kashe wayarka, ka kunna, ka buga ##002#. Haka nan duk lambar sirri da ta shigo maka ta saƙo, daga banki ko daga WhatsApp, ba a karanta wa kowa ita, ko da ya rantse.

Hajiya ta Maiyama, Allah ya ƙara haɗa kanku. Raba waya tsakaninku ba laifi ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inda gizo ke saƙa shi ne layin da banki ya sani. Ta wannan layi saƙon shigar kuɗi da fitarsu ke zuwa, ta nan ne kuma ake tura kuɗi da 'yan lambobi ko da ƙaramar waya. Wayar da ke kwana yau a gidan wannan gobe a gidan waccan, ba matan kaɗai ke taɓa ta ba. Akwai yara, akwai mai cajin waya a bakin kasuwa. In kuɗi suka ɓata, ba a san wanda za a tambaya ba, sai zargi ya shiga tsakanin mutanen da suka shekara goma suna cin abinci tare. Asarar zumunci ta fi asarar kuɗin ciwo. Ku sayi layi na biyu don ciniki, shi ya yi ta zagayawa. Na banki kuwa ya zauna wajen ma'aji, a sa wa sim ɗin lambar kulle, kuma a duk taro a buɗe saƙonnin banki a karanta a gaban kowa.

Akwai wata magana da ta shafi ku duka uku: da sunan wa aka yi wa layin rajista? Tun watan Disambar 2020 gwamnati ta ba da umurnin a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ma'anar wannan ita ce, duk abin da aka aikata da layin, mai sunan za a fara nema. Kana in sim ya ɓata, shi ne zai je a sabunta. To in shugaba ya sauka, ko aka yi saɓani ya fita ƙungiya, ko ya riga mu gidan gaskiya fa? Lambar da kuka shekara biyar kuna raba wa fatake ta tafi da shi ke nan. Ƙungiyar da ke da takardar rajista ta tambayi kamfanin waya yadda ake rajistar layi da sunan ƙungiya, ko da yake a nan ma sai an gabatar da wakili da lambarsa ta NIN. Wadda ba ta da rajista kuwa, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu cewa layin na ƙungiya ne, an ba wane riƙo. Kada kuma a jefa layin cikin akwati bayan kakar albasa sai baɗi, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya rufe shi ya ba wani.

Daga ƙarshe, bari in ba ku wani labari. A birnin Kansas na Amurka an yi wani mutum mai suna Almon Strowger, sana'arsa shirya jana'iza. Ana ba da labari cewa ya yi zargin mai haɗa waya ta garin tana karkatar da masu nemansa zuwa wajen abokin gasarsa. Haushin wannan ya sa ya zauna ya ƙera na'urar da ke haɗa kira da kanta, aka ba shi takardar mallakarta a 1891. Kun ga ashe tun farkon tarho, wanda ke zaune a zaure yana iya kawo ciniki gida, yana kuma iya kai shi wani wuri. Na'ura ta rage wannan, amma ba ta kawar da shi ba. In sakatare ya amsa kiran ƙungiya ya sayar da albasar rumbunsa shi kaɗai, babu lambar da za a danna ta hana.

Saboda haka kafin ku saita komai, ku zauna ku yanke abu huɗu. Wa ke fara amsawa, wa ke bin sa? Wa ke da ikon yanke farashi? Domin in mai saye ya ji farashi biyu daga lamba guda, na ƙasa zai riƙe, kuma ya gane kanku a rabe yake. A ina ake rubuta kira? A sami littafi mai bango, duk wanda ya amsa ya rubuta rana da sunan mai kira da buhu nawa yake so da abin da aka gaya masa. Sa'an nan in oda ta shigo, yaya za a raba ta tsakanin 'yan ƙungiya? In kun daidaita a kan waɗannan, ko da ƙananan wayoyi biyu kun yi ofis. In ba ku daidaita ba, ko kun sayi akwatin da ya fi na banki tsada rigima za ku saya.

Malam Sakatare, Alhaji, Hajiya, ina fata na amsa muku. In kun gwada, ku rubuto ku gaya mana yadda ta kaya, don wasu su ƙaru. Sauran waɗanda wasiƙunsu ke hannunmu, daga Koko da Argungu da Bunza, ku ƙara haƙuri, layi na zuwa kanku. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.